Daga Alƙalami Zuwa Hannun Yaro: Inda Littafin Yara Ke Maƙalewa a Zamfara da Kebbi

Duk wanda ke zama da marubuta a Gusau ko Birnin Kebbi ya san ba ƙarancin masu alƙalami ne ke damun mu ba. Ga masu waƙa, ga masu ƙagaggun labarai, ga matan da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, mai son jin ci gaba ya tura kuɗi a saka shi cikin rukunin masu biya. Amma a tambayi taron nan wa ke da littafin da za a miƙa wa yarinya 'yar aji biyu ta karanta da kanta, sai ka ga ana kallon juna. Wanda ya ce yana da shi ma, in ka karɓa ka buɗe, galibi littafin manya ne aka rage wa tsawo. Rubutu cunkushe, jimla ɗaya ta cinye layi uku, hoto guda a bango, nasiha kuwa kowane shafi da tasa.

Ba na ganin kasala ce ta jawo haka, ba kuma rashin ƙaunar yara ba ne, don da yawa cikin marubutan nan malaman makaranta ne, da yawa kuma uwaye ne. Hanyar da muka gada ta fitar da littafi ce ba ta dace da wannan kaya ba. Mun saba mutum ɗaya ya rubuta, ya gyara wa kansa, ya ɗebi kuɗin aljihunsa ya nufi maɗaba'a a Kano ko Zariya, ya dawo ya kira taron ƙaddamarwa. Littafin yara ba ya bin wannan hanya ya kai inda aka aike shi. Yana son hannu da yawa tun daga farko, yana kuma son a san mai saye kafin a taɓa takarda.

In aka waiwaya, littattafan da iyayenmu suka tashi da su ba aikin mutum ɗaya ba ne. Hukumar Talifi ta Zariya ce ta shirya gasar rubutu ta 1933 ƙarƙashin Rupert East, ita ce kuma ta ɗauko Abubakar Imam ta zaunar da shi ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937 domin a samu abin karantawa a makarantu. Aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1950 hukumar samar da littattafai ta Arewa, wato NORLA, ta ɗauki nauyin samar da abin karatu ga waɗanda suka fito daga azuzuwan Yaƙi da Jahilci, har da jaridun larduna. Ta lardin Sakkwato, wanda Zamfara da mafi yawan Kebbi ke cikinsa a lokacin, ita ce Zaruma. A 1966 kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya zo. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasannin yara cikin ƙananan littattafai shida, kamfanin Oxford ya buga. A duk waɗannan akwai edita, akwai mai zane, akwai maɗaba'a, sannan ga makarantu na jiran kaya. Marubuci rubutunsa kawai ya sani.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya, matasan Kano suka buɗe hanyar buga wa kai. Hanya ce mai albarka, ta fito da marubuta masu yawa, musamman mata, ita kuma muka kwaikwaya a nan. Sai dai an gina ta ne kan littafin da ake bugawa da baƙin tawada a takarda mai araha, wanda mai karanta shi shi ne mai sayen sa. Budurwa ta ga littafi a tebur a kasuwa, ya burge ta, ta ciro kuɗinta. Ɗan shekara bakwai ba shi da wannan iko. Uba ne zai saya masa, ko hedimasta ya sa littafin a jerin na bana, ko hukuma ta yi oda. Ke nan marubucin yara mutum biyu yake yi wa aiki, mai biya da mai karantawa. Mafi yawan littattafanmu mai biya suka nemi su faranta wa, shi ya sa suka cika da gargaɗi, yaron kuma ya ajiye su tun a shafi na uku.

Kafin a sa alƙalami a takarda, tilas a yanke wane yaro ake nufi. Ɗan shekara huɗu ba ya karatu, karanta masa ake yi. Sauti mai daɗi yake so, da abin da ke maimaita kansa har ya haddace, da hoton da zai ɗora yatsa ya ce ga akuya. Ɗan aji ɗaya da aji biyu haɗa baƙi yake yi, gaɓa bayan gaɓa, kusan duk ƙarfinsa na tafiya wajen fitar da kalma, kaɗan ke rage masa na bin labari. Shi jimla ɗaya ko biyu a shafi ta ishe shi, da kalmomi masu gaɓa biyu ko uku, da manyan haruffa masu tazara. Ɗan aji biyar da shida kuwa ya fara neman labari mai babi-babi, mai ɗan abin tsoro, mai abin dariya, mai jarumin da yake sa'arsa.

Matakin tsakiyar nan, na mai haɗa baƙi, shi ya fi wuya, shi kuma muka fi rashi. Bokon Hausa na da sauƙi ta wani gefen, don kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, amma ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Babba ya ga "gari" ya gane daga zancen ko na tuwo ne ko na mutane. Yaron da ke ƙirga haruffa bai kai nan ba tukuna. Marubucin da ya san aikinsa ko dai ya kauce wa irin waɗannan a shafukan farko, ko ya tabbatar hoton ya warware su. Haka baƙaƙe masu goyo, su ƙw da ky da ts da sh, ba a tara su a shafi ɗaya. Ga kuma masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Sau nawa ake kai aiki maɗaba'a, mai tsara shafi ya sauya salon haruffa zuwa wanda ba ya ɗauke da su, littafi ya fito ko dai da ɗan akwati a gurbin harafi, ko an cire ƙugiyar gaba ɗaya? Babba zai yi haƙuri ya wuce. Yaron da malaminsa ya gama koya masa jiya cewa ɗ daban take da d, an rushe masa darasi ne da kuɗin ubansa.

Hanyar gane ko rubutu ya dace ba ta cin kuɗi: a kai shi aji. A fitar da shafukan a takardar kwamfuta, a nemi izinin hedimasta, a sami benci a zauna a yi shiru. A ba yarinya takardar ta karanta da ƙarfi, a bi yatsarta da ido. Za ka ga yatsar na tafiya lafiya, sai ta iso wata kalma ta tsaya, leɓe na motsi ba sauti, ta ɗago ta dubi malama, ta tsallake. A sa alama a wurin. In yara uku suka tsaya a wuri ɗaya, kalmar ce za a sauya. Bayan an gama a karɓe takardun a ce, "To 'yan mata, wa za ta ba ni labarin da bakinta?" Abin da suka riƙe shi ne labarin. Abin da dukkansu suka tsallake, ko da shi marubuci ya fi ƙauna, nauyi ne kawai. Malamar ajin ma za ta ce nata: "Malam, wannan shafin ya yi musu tsawo, ka raba shi biyu." Maganar wadda ke tare da su daga safe zuwa azahar ce, kuma ban san wani edita da zai ba da shawarar da ta fi ta ba.

A irin wannan gwaji ne maganar karin harshe ke fitowa fili, a wajenmu kuma ba ƙarama ba ce. Yaron Talata Mafara ko Argungu a gida "shina zuwa" yake ji, da "wanga", da "mi kac ce". Littafi kuma yana ce masa "yana zuwa", "wannan", "me ka ce". Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin gabas, ita ce ta jarabawa, ita ce kuma za ta sa littafin Gusau ya karantu a Bauci da Kano. Don haka ra'ayina shi ne a littafin mai haɗa baƙi a tsaya a kanta, domin abin da ke littafi ya yi daidai da abin da malam ya rubuta a allo. Amma a labarin manyan yara ban ga dalilin da zai sa tsohuwar Bakura ta buɗe baki ta yi Kananci ba. Mai ba da labari ya tsaya a daidaitacciya, mutanen cikin labari su yi magana yadda suke yi a gida. Yaro na jin daɗi ƙwarai in ya ci karo da muryar kakarsa a rubuce, yana kuma koyon cewa harshen gidansu ba kuskure ba ne. A Kebbi akwai ƙarin lissafi. Yara da yawa a Zuru da Yawuri da Kamba ba da Hausa suka fara magana ba. Akwai masu tashi da Dakarci, da Kambarci, da Dandanci ko Zabarmanci, ga Fulatanci ko'ina. Littafin da aka cika da tsofaffin kalmomi don nuna gwaninta zai bar waɗannan a baya.

Batun abin da za a rubuta kuwa, muna da wadata. Tatsuniya na nan, Gizo da Ƙoƙi da Botorami, ga kacici-kacici, ga waƙoƙin gaɗa da na tashe da na reno. Sai dai tatsuniya ta baka ce, da muryar mai faɗa da amsawar masu saurare take rayuwa. In aka kwashe ta yadda take aka zuba a takarda, sai ta yi lami. Dole a sake gina ta, a sare rassan da suka yi yawa, a riƙe waƙar da ke dawowa, a ɓoye abin mamaki a bayan shafi domin yaro ya juya da hannunsa ya gano. Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba sai an koya mata yadda amshi ke riƙe mai sauraro ba. Kawo wannan sanin cikin shafi ne ya rage mana.

Kada kuma a tsaya a tatsuniya kaɗai. Yaron Argungu ya cancanci littafin da zai ga yaro irinsa da gora da homa a bakin Matan Fada, a bikin kamun kifin da ake dangantawa da 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Ya ji labarin Kanta da ganuwar Surame da harshen da zai iya karantawa. Yaron Zamfara ya ga dutsen Kwatarkwashi, ya ga inda layin dogo ya ƙare a Ƙauran Namoda, ya ga yadda ruwan Bakolori ke shiga gonaki. Littattafan sani ma, waɗanda ba labari ba, kusan babu su da Hausa a wannan mataki: yadda shinkafa ke tashi daga fadama zuwa buhu, me ke sa hadari ya haɗu, me ya sa sauro ke kawo zazzaɓi. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinari a cikin gidaje inda suke wasa. Ɗan littafi mai shafi 16 da ke nuna wa yaro me ya sa ake wanke hannu, me ya sa ba a wasa kusa da wurin niƙa, ba ƙaramin aiki zai yi ba.

Akwai kuma abin da ba za a rufe ido a kansa ba. Yaran da muke rubuta wa sun ji labarin Jangebe da Birnin Yawuri, inda aka kwashe ɗalibai a 2021. Da yawa sun baro ƙauyukansu suna zaune a gidajen dangi ko a kangaye a cikin gari. Wasu marubuta na ganin a yi shiru, wasu na son su zuba duk abin da ya faru. Ni dai ina ganin yaro ba ya buƙatar a nuna masa jini, ya riga ya ji fiye da ƙima a bakin manya. Abin da yake buƙata shi ne labarin yarinyar da ta baro akuyarta a ƙauye, ta shiga sabuwar makaranta ba ta san kowa ba, da yadda ta sami ƙawa. Wadda abin ya shafa za ta ga kanta a ciki ba tare da an fama mata ciwo ba, 'yar gari kuma za ta koyi yadda ake karɓar baƙuwa ba tare da an tsaya ana yi mata huɗuba ba. Tarbiyya na shiga ta abin da jarumin labari ya aikata da abin da ya biyo baya.

Sai hoto, wanda shi ne rabin littafin, a matakin farko ma ya fi rabi. Masu zane na nan cikinmu: masu rubuta allon shago, masu zanen bayan mota, ɗaliban da suka karanci zane a kwalejojin ilimi, matasan da ke tsara fosta a kwamfuta. Amma zana hoto ɗaya mai kyau daban ne da zana yarinya guda sau ashirin, tana dariya, tana gudu, tana kuka, kuma a gane ita ce a kowane shafi. Wannan sai da horo da haƙuri. Mai zane na buƙatar a ba shi labarin tun da wuri, a zauna tare a yi taswirar shafuka da fensir, a san inda rubutu zai zauna, kafin ya taɓa launi. Abin da hoto ya riga ya nuna, ba sai rubutu ya maimaita ba; in an zana ta sanye da jan kallabi, an huta da wannan jimlar. Masu kwaso hotuna daga intanet suna jawo wa kansu matsala biyu, ta haƙƙin mallaka da ta yaron da zai ga gida da sutura da bishiyoyin da bai taɓa gani ba a labarin da aka ce a Gummi ya faru. Manhajojin da ke ƙirƙirar hoto ma sukan kuskure siffar rumbu da zaure da naɗin rawani, sai an sa ido sosai. Sannan a yankinmu akwai iyaye da malaman da ke da ra'ayi a kan zanen abu mai rai, malamai kuma sun yi bayanai mabambanta. Wanda ke son littafinsa ya shiga Islamiyya, ya je ya zauna da shugaban makarantar tun kafin a yi zane, ya ji iyakarsu game da hoto da sutura. Ya fi a buga dubu a dawo masa da su.

Yanzu ga inda mafi yawan niyya ke mutuwa, wato lissafin maɗaba'a. Babbar takarda ake bugawa a naɗe a yanke, shi ya sa shafuka ke zuwa takwas-takwas, littafin hoto kan tsaya a 16 ko 24 ko 32. In filet ɗaya, wato farantin da ake ɗaura wa inji ya buga shafuka, na ɗaukar shafi takwas, littafi mai shafi 32 da baƙin tawada filet huɗu ne. In mai launi ne, kowane ɓangare sai da filet huɗu, na shuɗi da ja da rawaya da baƙi, 16 ke nan. Takardar ma sai mai kauri, don kada launi ya ɓullo ta baya, bangon kuma sai an yi masa leda, domin hannun yaro da jakar makaranta ba sa raga wa littafi. Takardar nan kuwa daga waje take zuwa. Masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da daina wadatar da ƙasa da takardar buga littafi, tun kuma da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin rim bai zauna wuri ɗaya ba.

A ɗauki lissafi na misali kawai, don farashi kullum sauyawa yake. A ce zane da tsara shafi da filet sun ci naira 600,000. Wannan kuɗi ba ya raguwa ko kwafi ɗaya za a buga. A ce kuma takarda da gudun inji da ɗinki na cin naira 300 a kowane kwafi. Wanda ya buga kwafi 300, kowane ɗaya ya tsaya masa a 2,300 kafin kuɗin mota, kafin kason mai shago. Wanda ya buga 3,000, kowane ɗaya ya tsaya masa a 500. Littafi ɗaya ne, labari ɗaya, amma na farko sai ɗan mai hali, na biyu kuwa mai sayar da ƙosai ma za ta iya saya wa 'yarta. Marubuci shi kaɗai 300 yake iya bugawa, don iyakar abin da ke aljihunsa ke nan, kuma iyakar waɗanda ya sani ke nan.

Nan ne ake komawa ga ƙaddamarwa don a mai da kuɗi. Ba na zargin mai yin ta, wani lokaci ita kaɗai ce mafita. Amma a duba abin da take yi wa littafin yara. A cika zaure da manya, a saye kwafi goma-goma da kuɗi mai kauri, wani alkawarin a cika, wani a yi ta bi. Littattafan da aka saya su tafi ofisoshi da falo, sauran su koma kwali a ɗakin marubuci. Kuɗi na iya dawowa, yaro dai bai gani ba. Abin da ya fi damuna shi ne, tunda marubuci ya san daga wajen manya ribar za ta fito, sai ya daina tunanin yatsar yarinyar nan da ke tsayawa a kan kalma.

Akwai hanyoyin rage nauyi. Ana iya yin bango mai launi, ciki kuma zanen layi da baƙin tawada, wanda yara ma ke jin daɗin shafa masa launi da kansu. Ana iya yin launi biyu, filet takwas maimakon 16. Injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba ya buƙatar filet; kwafinsa na da tsada, amma ya dace a fitar da ashirin ko talatin na gwaji, a zaga da su makarantu a nuna kafin a shiga babban bugu.

Zagayen nan shi ne ainihin kasuwar. Masu sayen littafin yara da yawa su ne makarantu masu zaman kansu, da Islamiyyu, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ƙungiyoyin da ke aikin ilimi. Kowanne da ƙofarsa. Mai makaranta zai tambaye ka, "Malam, na wane aji ne, kuma ya dace da manhaja?" In ba ka da amsa a baki, magana ta ƙare. Shekarar karatu a watan Satumba take farawa, jerin littattafai kuwa kafin nan ake tsayar da shi, don haka wanda ya zo da kaya a Nuwamba sai ya jira baɗi. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta yi maganar koyar da yaro da harshen gida a azuzuwan farko, gwamnatoci kuma sun yi ta juya ta, amma ko wace aka bi, yaron Maru da na Jega da Hausa yake tunani lokacin da yake koyon haɗa baƙi. Islamiyyu kuwa kasuwa ce da muka yi wa sakaci. Yara da yawa sun iya haruffan allo kafin su san na boko, a ƙasar da Abdullahi na Gwandu da Nana Asma'u suka karantar da jama'a da waƙa. Littafin da ya sa ajami a shafin dama, boko a na hagu, labari ɗaya, zai shiga gidajen da na boko zalla ba ya shiga.

Shirye-shiryen masu ba da tallafi sun taɓa wannan fage. RANA, wanda UNICEF ta tsaya wa, ya fara da Katsina da Zamfara wajen koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, a Sakkwato da Bauci kuma an yi Mu Karanta da tallafin Amurka. Sun nuna cewa aikin na yiwuwa, sun kuma bar malaman da suka san yadda ake auna matakin karatu. Waɗannan malamai su ya kamata marubuta su nema su jawo cikin taronsu. Raunin irin wannan shiri shi ne yana da wa'adi, in kuɗi suka ƙare bugu ya tsaya. Wanda ke son ganin yadda ake jera labari mataki-mataki, akwai na Hausa kyauta a shafin intanet na African Storybook, ya duba tsawon jimla da yawan kalmomi a shafi. Manyan kyaututtuka kuwa kada a jira su: ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai dala 100,000, tana zagayowa kan adabin yara duk bayan shekara huɗu, amma da Ingilishi ake shiga.

To me taron marubuta zai yi da duk wannan? A ganina ya ɗauki littafin yara kamar gayya: gonar mutum ɗaya ake shiga yau, amma da garmar kowa, gobe a koma ta wani. Ko reshen ƙungiyar marubuta ta ƙasa, wato ANA, ne na jiha, ko ƙungiyar marubutan unguwa, ko rukunin mata marubuta, mutum shida ko bakwai sun isa. Maimakon kowa ya fito da nasa shi kaɗai, a tsara jerin ƙananan littattafai, a ce shida, girma ɗaya, mataki a bayyane a bango. Mai makaranta ya fi son jeri, don yana ba shi abin karatun zango guda. Mai zane ɗaya ya ɗauki duka a yi masa ciniki na jimla, mai maɗaba'a ma ya fi sauƙin sassautawa in aiki na da yawa. Wani ya riƙe ƙa'idar rubutu, malamar firamare ta riƙe gwaji a aji, mai baki da sanin mutane ya riƙe zagayen makarantu ya tattaro oda a rubuce. Kuɗin farko a haɗa shi ta adashi, a kuma yarda cewa abin da bugu na farko ya dawo da shi ba za a raba ba sai an ware na bugu na biyu.

Takardun hukuma ba su da wahala. Lambar shaidar littafi, wato ISBN, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓar ta, kuma doka ta ce mai bugawa ya ajiye musu kwafi uku. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare mai rubutu da mai zane duka biyu.

Abin da ya fi rusa irin wannan haɗin gwiwa shi ne abin da aka bari a baki saboda kunya. Tun ranar farko a rubuta a takarda, kowa ya sa hannu: sunan wa zai hau bango, kuma na mai zane na ciki, don aikinsa bai gaza na marubuci ba, an sayi zanen ne gaba ɗaya ko yana da kaso a kowane bugu, wa ke riƙe kuɗi, wa ke duba shi, in wani ya fita daga ƙungiya, labarinsa na bin sa ko yana zama a jerin. A kuma karɓo fayil ɗin aikin daga maɗaba'a, da ainihin zanen, da salon haruffan da aka yi amfani da shi, a ajiye a wuri biyu. Littafin yara a bugu na biyu da na uku yake fara biyan masu shi, tunda an riga an biya zane da tsari, kuma a nan ne ake shigar da gyare-gyaren da malamai suka turo bayan sun yi zango guda suna karantar da shi.